Motar da aka haɗa a gida, tokumbo ko sabuwar China: wacce ta fi dacewa da kuɗinka?

Wanda ya tara kuɗin mota a Najeriya yau, ƙofa uku ce a buɗe gare shi. Akwai tokumbo, wato Toyota ko Honda da wani ya hau ya more a Amurka ko Turai kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Legas. Akwai sababbin motocin China da suka fara yawa a titunan Abuja da Legas da Kano, irin su GAC da Geely da Changan da Chery. Sai kuma wadda aka haɗa a gida: Innoson ta Nnewi, Nord ta Legas, da Peugeot ɗin da kamfanin Dangote ya fara haɗawa a Kaduna a 2022. Sabuwar Toyota a leda ban sa ta cikin lissafi ba, domin tun da naira ta faɗi farashinta ya fi ƙarfin ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa.

Kafin a zaɓa, akwai tambayar da ke ɗaure wa mutane kai, kuma amsarta ce ke warware sauran. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun Yulin 2024 naira dubu 70 ne a wata, wanda a lokacin da aka tsayar da shi bai cika dala 50 ba. Ma'aikacin masana'antar mota a Detroit ta Amurka kuwa, bisa yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadagonsu ta cimma da kamfanoni a 2023, ladansa na awa ɗaya zai haura dala 40. Ko an ce mai walda a masana'antar Nnewi yana ɗaukar ninki uku na mafi ƙarancin albashi, tazarar tana nan kamar sama da ƙasa. To in ƙwadago ya yi arha haka a wurinmu, me ya hana motar gida ta yi arha har ta kori ta waje daga kasuwa?

Amurka ce ta fi kowa shan wannan muhawara, don haka a fara da ita. Manyan kamfanoninta uku, GM da Ford da Chrysler, sun daɗe suna kukan cewa ƙungiyar ƙwadago ta UAW ta ɗora musu nauyin da baƙi ba su ɗauka ba. Baƙin nan ba daga Japan suke turo motoci kawai ba, sun shigo har cikin gida sun kafa masana'antu: Honda a Ohio a 1982, Nissan a Tennessee a 1983, Toyota a Kentucky a 1988, Hyundai a Alabama a 2005. Sun ɗauki matasa, babu ƙungiyar ƙwadago, babu tarin 'yan fansho a wuyansu. GM kuwa 'yan fanshonta sun ninka masu aiki, har ya zama a 2005 kuɗin asibiti kaɗai yana ƙara kusan dala 1,500 a kan kowace mota da ta fitar. A 2009 GM da Chrysler suka durƙushe, sai da gwamnati ta zuba kuɗi ta ɗaga su. Amma duk mai adalci zai ce ba albashi kaɗai ya kayar da su ba. Sun rataya ribarsu a kan manyan motoci masu shan mai, man ya yi tsada a 2008, bankuna suka daina ba da bashi, masu saye suka ja da baya.

Abin da ya faru a 2023 ya fi fito da ma'aunin fili. UAW ta yi yajin aiki na kusan mako shida, ta samu ƙarin albashi na kashi 25 cikin ɗari a tsawon shekara huɗu da rabi. Ford ta yi lissafinta ta ce wannan zai ƙara dala 850 zuwa 900 a kan kowace mota. A lokacin, matsakaicin farashin sabuwar mota a Amurka yana wajen dala dubu 48. Ke nan ƙarin albashi mafi girma da aka gani cikin shekaru masu yawa bai kai kashi 2 cikin ɗari na farashin motar ba. Ga kamfani, wannan kuɗi ne na gaske, domin ribar mota siririya ce: Toyota da ta fi kowa iya lissafi, ribar aikinta a shekarar da ta ƙare Maris 2024 ba ta cika kashi 12 cikin ɗari ba, kuma wannan shekara ce ta albarka. Shi ya sa Volkswagen a ƙarshen 2024 ta yi ta ja-in-ja da ma'aikatanta har aka amince za a rage guraben aiki 35,000 a Jamus kafin 2030. Ga mai saye kuwa, ladan ma'aikaci ɗan ƙaramin yanki ne na abin da ya biya. Yawancin kuɗin mota yana cikin ƙarfe da injin da giya da wayoyi da na'urori, da kuma biliyoyin da aka kashe wajen zana ta da gwada ta kafin a ƙera ta farko.

A nan ne arhar ƙwadagonmu ke tashi a banza. Toyota da rassanta sun sayar da mota miliyan 11.2 a 2023, wato kusan 30,000 a kowace rana ta Allah. Babu masana'anta ɗaya a Najeriya da ke fitar da haka a shekara guda. Mai ƙosan da ke sayen mai jarka-jarka da wadda ke saye kwalba-kwalba ba za su taɓa fitar da ƙosai a farashi ɗaya ba, ko da ta biyun ba ta biyan 'yar aiki ko sisi. Injin da Toyota za ta samu a farashin mai sayen miliyan, ɗan kamfaninmu zai saye shi a farashin mai sayen ɗari biyar, ya biya da dala, ya biya jirgin ruwa, ya jira a tashar Apapa. Ƙarfen jikin mota daga waje yake zuwa, tunda Ajaokuta har yau ba ta tashi ba. Taya ma haka, tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a ƙasar nan wajen 2007 da 2008. Wuta sai an haɗa da janareta da dizal. In ya je banki neman jari, kuɗin ruwan da Babban Banki ya tsayar ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, na bankunan kasuwanci kuwa ya zarce haka. Duk abin da ya rage a albashi, waɗannan sun haɗiye shi har sun nemi ƙari.

Maroko ta nuna cewa arhar ƙwadago tana amfani in an haɗa ta da sauran. Renault ta buɗe masana'anta a Tanja a 2012 dab da babbar tashar jirgin ruwa, Peugeot ta biyo baya a Kenitra a 2019, masu ƙera kujeru da wayoyi da gilashi suka kewaye su, ga kasuwar Turai a tsallaken ruwa. Motoci dubu ɗaruruwa suke fitarwa a shekara.

Mu ma mun taɓa kama hanyar. Masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, zamanin Janar Gowon. A wancan zamanin aka kafa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, ta manyan motocin Fiat a Kano, Leyland a Ibadan da ANAMMCO a Enugu. Duk wanda ya yi wayo a farkon shekarun 1980 ya san 504 ce motar gwamna, ita ce ta sakatare, ita ce ta haya daga Kano zuwa Jos. Abu uku ne suka riƙe ta: naira mai ƙarfi, gwamnati mai saye, da harajin da ya tare na waje. Da aka karya darajar naira a 1986 ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, kayan da ake kawowa daga Faransa suka yi tsadar da albashin ma'aikaci ba ya kaiwa. Tokumbo ta cike gurbin. A 2003 gwamnati ta koma ba jami'anta kuɗi maimakon motar ofis, babban mai saye ya janye. Ma'aikatan Kakuri ba su yi tsada ba, ba su manta aikinsu ba. Dubban iyalai ne suka rasa abin dogaro, kuma abin yana damuna har yau in na bi ta unguwar.

An sake gwadawa a 2013 da tsarin da ya ɗora harajin kashi 70 cikin ɗari a kan mota haɗaɗɗiya daga waje, ya sauƙaƙa wa mai shigo da kayan haɗi. Kamfanoni suka karɓi lasisi. A 2019 shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a dokar da za ta tabbatar da tsarin, sannan dokar kuɗi ta 2020 ta zabge wani ɓangare na harajin daga kashi 35 zuwa 5. Wa zai binne biliyoyi a masana'anta alhali bai san dokar baɗi ba? Shi ya sa yawancin abin da ake kira haɗin gida na SKD ne: motar ta zo kusan a gama, an yi mata walda da fenti a can, a nan a ɗaura injin da tayoyi da kujeru. Na CKD, inda komai ke zuwa a warwatse a yi walda da fenti a gida, shi ne ke ɗaukar ma'aikata da yawa, shi ne kuma ke neman babban jari.

Wannan ya kawo wani abu da ya kamata mai saye ya sani: iyakar da ke tsakanin ta gida da ta waje ba ta da kaifi. GAC kamfanin China ne, amma ana haɗa wasu motocinsa a Legas. Innoson na cewa kashi 70 cikin ɗari na kayanta na gida ne, amma ba ta ɓoye cewa sauran daga waje suke ba. Peugeot Landtrek da ake haɗawa a Kaduna sunan Faransa gare ta, amma tare da Changan ta China aka tsara ta. Ita kanta Camry tokumbo da muke kira motar Japan, da yawa a Kentucky aka ƙera su. Don haka tambayar asalin mota ba ta kai tambayar wanda zai tsaya maka in ta lalace ba.

To bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙarfin tokumbo a wuri biyu yake. Na farko, wani ya riga ya biya tsadar. Ladan ma'aikacin Kentucky, ribar Toyota, ribar dila, duk mai ita na farko ya sauke su, kuma a shekarun farko ne mota ta fi zubar da daraja. Kai ragowar ƙarfen kake saye, kuma in Corolla ce ragowar tana da yawa. Na biyu shi ne rundunar da ke bayanta. Shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka ce kana neman famfon ruwa na Corolla 2010. Kafin ka gama zama a benci yaro ya dawo da uku: sabo na kwali, na China, da wanda aka ciro daga wata motar. Makaniki a Gusau ko Azare zai kwance injinta ba tare da ya buɗe littafi ba. Ran da buƙata ta taso, matsalar asibiti ko aurar da 'ya, ka kira dillali da safe, kafin la'asar an yi tayi. Mutane da yawa ajiyar kuɗi suke yi da ita, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin watanni, waɗanda suka riƙe Toyota sun ga farashinta a naira ya hau maimakon ya sauka.

Sai dai wannan tashin dalar ne ya sa tokumbo ta daina zama motar talaka. Kwastan da dala suke lissafin kuɗin fito, saye da dala, jirgi da dala. Da tsadar ta matsa, masu shigowa suka ƙara karkata ga gwanjon kamfanonin inshora a Amurka, inda ake sayar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye. A gyara a Legas, a fesa fenti, a mayar da lambar kilomita baya. Ba duka ba ne, akwai dillalai masu tsoron Allah, amma kada ka dogara da ƙyallin fenti. Ɗaga kafet ɗin ƙasa ka shinshina. Leƙa ƙarƙashin kujera ka duba ƙarfen da take zamewa a kai, in ya yi tsatsa alhali jikin motar fes, ruwa ya taɓa kwana a ciki. Murɗa makulli ka ga ko fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu, domin wasu cire ƙwan suke yi don ɓoye cewa jakar ta riga ta fashe. Lambar VIN mai harafi da lamba 17 tana nan a gindin gilashin gaba, da kuɗi kaɗan za a binciko maka tarihin motar a intanet. Takardun kwastan kuma a tantance su kafin ka biya, musamman ga 'yar Kwatano, domin an hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa tun Janairun 2017. Garanti babu. Duk abin da ya ɓullo bayan ka bar wurin naka ne.

Motocin China labarinsu daban. China ta ƙera mota sama da miliyan 30 a 2023, a shekarar kuma ta zarce Japan wajen fitarwa waje. Masana'antunta sun fi ƙarfin kasuwarta, kamfanoni suna ta karya farashi don su ƙwace wa juna masu saye, Amurka da Tarayyar Turai kuma sun ɗora wa motocinta masu lantarki haraji mai nauyi a 2024. Dole su nemi wasu kasuwanni, kuma muna cikinsu. Ba arhar ma'aikaci kaɗai ke ba su wannan ƙarfi ba, albashi a China ya tashi sosai. Yawan abin da suke ƙerawa ne, da kuma kasancewar mai yin batir da mai yin gilashi da mai yin kwamfutar mota duk suna kusa da juna. Abin da mai saye ke samu shi ne sabuwar mota da babu wanda ya taɓa hawa, da garanti na shekaru, da kyamara da allo da sanyi mai kyau, a kuɗin da ba zai sayi sabuwar Toyota irinta ba. Masu raina su da sunan kayan China sun tsaya a tunanin shekara goma sha biyar baya. Geely ce ta mallaki Volvo tun 2010.

Matsalarsu ba ranar saye take ba, a shekara ta uku take. Da yawansu ƙananan injina ne masu turbo, wato na'urar ƙara wa injin ƙarfi, da giya mai son manta na musamman, da kwamfutar da sai na'urar dila ke karanta ta. Gurɓataccen fetur da baƙin mai na jabu sun fi yi musu illa fiye da tsohon injin Toyota. In kana zaune a Abuja, dila na kusa, ba damuwa. In kana Nguru, fitila ɗaya da ta fashe tana iya ajiye ka makonni. Garantin kansa yana da sharaɗi, sai ka riƙa kai ta sabis wurinsu a kan lokaci, in makanikin unguwa ya taɓa ta sai su zame. Kuma ranar sayarwa dillali zai taya ta ƙasa, ba don ta lalace ba, don bai san wa zai saye ta daga hannunsa ba.

Ta gida kuwa, inda ta fi ƙarfi ba ƙaramar motar iyali ba ce. Bas ne, da a-kori-kura, da motar asibiti, da motocin jami'an tsaro. A nan Innoson, wadda Innocent Chukwuma ya kafa aka buɗe masana'antarta a 2010, ta fi yin suna, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 bas ɗinta masu amfani da gas na CNG suka samu kasuwa. Motocin sun fi sauƙin gini, sun ɗago daga ƙasa, ba a cika musu na'urorin da ƙura da zafi ke kashewa ba. Babbar fa'idar ita ce akwai ƙofar da za ka buga. Mai sayen mota ashirin yana iya zama da masana'anta ya faɗi irin kujerun da yake so, ya nemi a horar masa da makanikai, ya yi ciniki a naira. Ga mutanen Arewa, Peugeot ta Kaduna tana da wannan kusancin, kuma 301 mota ce marar rikici. Rauninsu iri ɗaya ne da na China, har ya ɗan fi: safaya ba ta bazu a kasuwanni ba, masu saye na biyu ba su da yawa, farashin kuma bai sauka ƙasa da tokumbo ba saboda dalilan da muka lissafa.

Ga yadda nake ganin zaɓin. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai mota ɗaya, wadda ita ce ta makaranta, ita ce ta kasuwa, ita ce ta zuwa gida da salla, kuma in ta tsaya komai ya tsaya, tokumbo mai injin silinda huɗu da aka bincika da kyau ta fi masa kwanciyar hankali. Ina faɗin haka ba da daɗin rai ba, domin na fi son kuɗin ya tsaya a Kaduna ko Nnewi, amma ba daidai ba ne a ce mai albashi ɗaya shi zai ɗauki nauyin gyara abin da gwamnatoci suka ɓata. Direban haya ma haka, sai dai shi ya ƙara da tunanin mayar da ita gas in akwai gidan CNG a hanyarsa. Wanda ke zaune a babban birni, yana da wata motar ko yana da halin jira, kuma niyyarsa ya hau shekara bakwai ko takwas ba ya sayar bayan biyu ba, sabuwar China za ta biya shi, domin faɗuwar darajarta ba ta cutar da wanda ba ya shirin sayarwa.

Gwamnatin jiha, ƙaramar hukuma, ƙungiyar direbobi, makaranta, kamfani mai rarraba kaya, su ne ba su da uzuri. Su ke saye da yawa, su ke da garejin kansu, su ne za su iya ba masana'anta yawan da zai sauko da farashi ga kowa. Akwai umarnin shugaban ƙasa tun 2017 da ya ce hukumomi su fifita kayan gida, amma a 2023 'yan Majalisar Tarayya manyan motocin Toyota na waje suka saya wa kansu. Ɗaruruwan motoci ne a ciniki ɗaya, irin cinikin da ke riƙe layin masana'anta da ma'aikatansa tsawon watanni.

Kowacce ka karkata gare ta, kada ka tsaya a farashin ranar saye. Ɗauki takarda ka yi lissafin shekara biyar: kuɗin saye, man da za ta sha a irin tafiyarka, sabis da gyara, kwanakin da za ta yi a gareji kana biyan haya, sannan ka cire abin da dillali zai taya ta a ƙarshe. Kafin ka biya ko kobo, je kasuwar safaya ta garinku, ba ta Legas ba, ka tambayi farashin abu biyar na wannan motar: birki, shokabzoba, famfon mai, fitilar gaba da gilashi. In sabuwa ce, ta gida ko ta China, sa dila ya rubuta maka a takarda abin da garanti ya rufe da abin da bai rufe ba, garejin da ya fi kusa da kai, da iyakar kwanakin da za ka jira kaya. Mai sayen motoci da yawa ya ƙara da sharaɗin a ajiye masa safaya a garejinsa tun ranar miƙa makulli, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin har motocin su cika wata shida a kan hanya.